Tsummokaran Dutsen Gauraka

Samarin da ke zama a bencin mai shayi na bakin kasuwarmu sun ce aikina ba aiki ba ne. Wai tafiya ce kawai: in shige gaba, mutanen birni su biyo ni, mu hau dutse mu sauko, a ɗauke ni hoto. Ɗayansu har cewa ya yi ko akuyar gidansu za ta iya. To na sayi littafi da biro, zan rubuta muku yadda abin yake da rubutuna na ɗan aji uku. In kun ga harafi ya karkace ku yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da ƙotar adda.

Sunana Iro. Ni ne ɗan jagora a gandun dajin gwamnati da ke bayan garinmu, ta wajen Kafur. A tsakiyar gandun akwai dutse da ake kira Dutsen Gauraka, shi baƙi ke zuwa hawa. Hanyar hawansa ɗaya ce tal, sauran gefen duk santsi ne da kogon zuma. Wannan hanya kuwa ta bi ta gindin wata tsamiya da ke bakin idon ruwa, tsamiyar kuma ta Maguzawan da ke zaune a gefen gandun ce, tun kafin gwamnati ta zo ta kafa duwatsun iyaka. A takarda dajin na gwamnati ne. A ƙafa, ba ka wuce tsamiyar nan sai da yardar Ranau, babbansu. Ranar da ya ara mini hanyar, sharaɗi ɗaya ya kafa: "Ka wuce da wanda ka ga dama. Amma ranar da wani naka ya taɓa ko zare ɗaya a jikin itacen nan, hanya ta rufe." Ku riƙe wannan, don in babu hanyar babu dutse, in babu dutse Iro ya zama ɗan zaman benci irinku.

Aikina na farko a gandun shi ne sharar layin wuta. Lebura ne ni a lokacin, ina saurayi. Da kaka ta yi, za a jera mu da adduna mu nome ciyawa a zagayen gandun, faɗin taku goma, don in gobara ta taso daga gonaki ta iske fili ta mutu. Da damina kuma dashen itacen turare da darbejiya. Wata rana malamin daji ya ce yana son wanda zai koyi iyakokin gandun daga bakin Ranau, tunda duwatsun iyakar ciyawa ta haɗiye su. Kowa ya sunkuyar da kai, wai tsoron Bamaguje. Ni kuwa na ɗaga hannu, ba don jarumta ba, sai don na lura a tafiya babu duƙawa.

Wata uku na yi ina bin bayan Ranau da gorar ruwansa a kafaɗa, bai koya mini komai da baki ba. Sai dai muna cikin tafiya a tsakiyar gamba, inda ba ka ganin komai sai ciyawa da sama, ya ja ya tsaya ya ce, "Ina gida?" In na nuna daidai, ya ci gaba da tafiya. In na nuna ba daidai ba sai ya ce, "To wuce mu je." Haka zai biyo ni har sai na kai mu cikin kwazazzabo ko ƙaya ta yage mini wando, sannan ya zauna ya fito da taba ya ce, "Sannu da zuwa gida, Malam. Ina uwargida?" Malam yake kirana in zai yi mini shaƙiyanci, saboda ina tsayar da shi in yi salla. Amma bai taɓa tafiya ya bar ni ba, har ma shi ke duba inuwa ya ce mini azahar ta yi.

Sau ɗaya na sari jikin wani marke da adda don in gane wurin in mun dawo. Ranar na sha sanda a ƙwauri. Ya ce mai sa alama a daji ɓarayin katako yake yi wa jagora, kuma kansa yake kashewa, don idon da ya saba neman alama ya daina ganin daji. Ya ce in dubi inda ƙasa ta gangara, in dubi gefen da gansakuka ke kama dutse, in san kowace kuka da fuskarta kamar yadda na san dangin uwata.

Kayan aikina ba su cika buhu ba. Adda ce wadda wani maƙeri a Kafur ya ƙera mini da sifirin mota. Sandar marke, ta buga ciyawa don macijiya kasa ta san ana zuwa. Gora. Takalmin taya. Sai burgami mai gishiri, sikari, ashana, reza, igiya da ƙuli-ƙuli. Ofis ya ba ni usur da wata riga mai aljihu bakwai, rigar na sa sau ɗaya, zafi ya kusa gasa ni, yanzu kaji ke kwanci a kanta. Sikarin nan kuwa ya tashi manyan mutane da yawa da suka zube a tsakiyar dutse suna kalmar shahada.

Baƙin farko da na kai ba zan manta da su ba. Da motoci biyu suka zo, masu sanyi a ciki, suka ajiye a bakin gandu. Na gaishe su na ce, "Alhaji, me aka zo nema? Itace? Zuma? Saiwar magani? Ko saniya ce ta ɓace?" Babbansu ya ce, "Tafiya muka zo yi." Na ce, "Zuwa ina?" Ya ce, "Mu hau mu sauko." Na ce, "A ɗauko me?" Ya ce, "Ba komai." Na juya na dubi malamin daji ko zai ƙifta mini ido, na ga shi ma ya haɗe fuska. Jama'a! Ubana da ƙafa yake kai auduga Funtua, a ka, yana roƙon Allah Ya jefo masa ko akori-kura ce. Ga mutane Allah Ya ba su mota har biyu, sun kulle sun zo neman wahala. Kowanne da sanduna bibbiyu kamar an sallamo shi daga wajen mai ɗori. Wani ya goyo ruwa a baya, da siririn tiyo har baki, kamar majinyacin da ake yi wa ƙarin ruwa. Na yi ta addu'a a zuci, don na ɗauka wani ciwo ne ya kama su gaba ɗaya.

Daga baya na saba, ko in ce na koyi rufe baki. Na ga ƙato da gemu ya kwanta rub-da-ciki yana ɗaukar hoton buzuzu na tura kashi. Na ga wata Hajiya ta rungume kuka tana lumshe ido, sai da tururuwa suka gaishe ta. Wani ya tambaye ni ina bayan gida yake, na buɗe hannuwa na nuna masa gabas da yamma. Wani kuma ya zo da takalmi mai igiya har ƙwauri, sabo dal, kafin mu kai rabi ƙafarsa ta yi bororo, a takalmin tayata ya sauko, ni kuma ƙafa ba komai, takalminsa a wuyana. Aikin ke nan da kuke cewa tafiya ce. Kana gaba kana buga ciyawa, kunnenka na baya yana ƙirga muryoyi. In ka ji wanda ke surutu tun safe ya yi shiru, tsaya, ya kusa faɗuwa.

Sai shekarar da daji ya ɓaci. Kun san ta, ba sai na faɗa muku ba, wasunku a lokacin kuka dawo gari da iyayenku. Masu bindiga suka cika dazuzzuka, ofis ya ce kowa ya fita. Damina uku ban taka gandun ba. Na koma sayar da rake a tasha, sana'ar da ba ta karɓe ni ba, don rabin raken ni nake shanyewa. Maguzawa da yawa sun tashi, Ranau ya ƙi. Da abin ya lafa a ɓangarenmu, malamin daji ya kira ni ya ce baƙi sun fara tambaya, hanya na nan? Na bugi ƙirji na ce, "Ranka ya daɗe, ko an ɗaure mini ido."

Washegari na shiga ni kaɗai in duba, na ɓace. Ni Iro. Itatuwan da na sani an sare su an yi gawayi, gamba ta rufe tsohuwar hanya, shanu sun fitar da sababbi guda goma, kowacce na kama da 'yar'uwarta. Sai da na yini kafin in ga tsamiyar. Abin da ya kamata shi ne in je gun Ranau in ce Baba na manta. Amma ga furfura a gemuna, ga shi na riga na bugi ƙirji. Sai na koma gida na ɗauke wani tsohon zanen matata Talatu daga kan igiya, shuɗi mai furen rawaya, na yayyaga shi siri-siri. Duk inda hanya ta rabu biyu na ɗaura ɗaya a reshe, can ƙasa inda idona kaɗai zai nema. Talatu ta nemi zane ta rasa, ta ce akuyar maƙwabta ce ta cinye. Ni na taya ta zagin akuyar, har na fi ta zafi.

Haka na kai baƙi sau biyar lafiya lau, ina tafe ina taƙama, ina satar kallon zanen Talatu ta wutsiyar ido.

Na shida wata Asabar ce a ƙarshen damina, gamba ta fi mutum tsawo. Mutum goma sha huɗu a bas ɗaya daga Kaduna. Shugabarsu wata likita ce, Hadiza, 'yar siririya mai saurin magana, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba. Sai wani Alhaji Bashir mai tumbi, da agogon da ya ce yana ƙirga masa taku. Na tara su a bakin gandu kamar kullum na ce, "Doka ɗaya gare ni a dajin nan, ba a taɓa komai." Nufina in ci gaba in yi musu bayanin tsamiya da ƙyallayen da ke jikinta, yadda nake yi wa kowa. Sai Likita ta tafa hannu ta ce, "Baba Iro, ai dokarmu ke nan! Ba ma ɗaukar komai na daji, ba ma barin komai namu." Na ce a raina yau na samu 'yan gari, na haɗiye sauran bayanin. Na ga tana raba wa na baya baƙaƙen leda da safar hannu. Na ɗauka ɗinya za su tsinta.

Mun isa idon ruwa da hantsi. Tsamiyar na nan yadda take, rassanta na ƙasa cike da ƙyallaye, farare da baƙaƙe da jajaye, wasu sun koɗe wasu sababbi. Maguzawa ke ɗaurawa in suna da buƙatar da ta dame su. Ni Musulmi ne, ban taɓa ɗaurawa ba, ban kuma taɓa taɓawa ba. Na ce wa baƙi su huta, ni zan hau gaba in duba zuma, don akwai tsagin dutse da takan sauka, in ta tashi da mutum goma sha huɗu a siririn wuri sai dai a kwashi gawa. Na hau, na zauna na saurara, na ga ta lafa. Daga can sama na busa usur suka biyo ni. Ban sake saukowa gindin tsamiyar ba.

A kan dutse muka yi azahar. Daga nan kana hango gonakin dawa da masara har inda ido ya gaji, da ƙarfen sabis na Malumfashi can kamar allura. Aka ci abinci, aka yi hotuna, Alhaji Bashir ya sanar da jama'a yawan takunsa ba wanda ya tambaye shi. Sai Likita ta miƙe ta ce a yi shiru. Ta sa aka jawo leda uku cike aka dire a gabana.

"Baba, mun yi maka tsaraba. Dajinka ya koma fes."

Na buɗe ta farko, ledojin ruwa ne da gwangwanaye. Na ce madalla. Na buɗe ta biyu, sai ga furen rawaya yana kallona. Zanen Talatu. Na zura hannu na damƙo, ba ɗaya ba, ba goma ba, duka. Har wanda na ɗaura a ƙarƙashin ƙaya sun zaƙulo.

"Ina kuka samo waɗannan?" Muryata kamar ta ɗan tsako.

"A hanya mana. Mutane ba su da kirki, Baba, ko'ina tsumma. Amma buɗe ta ukun ka ga abin takaici. Itacen nan na bakin ruwa, an mayar da shi juji. Sai da aka taka kafaɗar Alhaji kafin a ciro na sama."

Alhaji ya shafa kafaɗa yana murmushi, yana jiran a yaba masa.

Ban buɗe ba, ta bakin ledar na hango fari da ja. Gora ta suɓuce daga hannuna ta gangara. Na ce innalillahi, na sake cewa, na zauna a kan dutse mai zafi ban ji zafinsa ba. A aikin nan na ga gobara ta tsallake layi, na ga kububuwa a cikin burgamina, na ga masu bindiga daga nesa, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Shekara da shekaru ina tsaron itacen nan daga ɓarayi da 'yan gawayi, ashe masu safar hannu ne za su tuɓe shi, da kyakkyawar niyya.

"Baba, lafiya? Ko sikarinka ne ya sauka?"

Na ce sikari ne. Ta ba ni alewa na tsotsa ina lissafi. Kande matar Ranau sai la'asar take zuwa ɗiban ruwa. Daga kan dutse zuwa tsamiya tafiyar awa guda ce. In na yi sauri zan maida ƙyallayen kafin kowa ya gani, wanda ya hau reshen da ba nasa ba Allah Ya ba shi haƙuri. Na miƙe na ce a tashi, hadari na zuwa. Suka dubi sama, tas kamar an wanke.

Saukowa daga dutsen ba wuya, dutse ne. Da muka shiga gamba aka fara. Hanya ta rabu biyu, idona ya tafi neman shuɗi, shuɗi na cikin leda a hannuna. Na zaɓi dama da ƙarfin hali. Ta sake rabuwa uku, na zaɓi ta tsakiya. Muka wuce wata kuka mai rami. Muka yi tafiya muka yi tafiya, sai ga kuka mai rami.

"Baba Iro," in ji Alhaji Bashir, yana haki, "kamar mun wuce itacen nan."

"Ƙanwarta ce, Alhaji. Kukokin nan dangi ne."

Da muka iske ta karo na uku ya ɗago agogo ya nuna wa jama'a. "Ku duba, abin nan ya zana inda muka bi. Ƙawanya ce. Zobe muke yi!"

"Ina nuna muku ita ta kowane gefe ne. Wasu har roƙo suke yi."

Ba wanda ya yi dariya. Ruwansu ya ƙare, tiyon goyo ya bushe, wayoyi babu sabis. Na yi ta busa usur ba dalili, don dai a ga ina aiki. Inuwa ta miƙe, na san la'asar ta yi, Kande ta riga ta ɗauki tulu. Daga nan na daina sauri. Na ce kowa ya zauna. Na cire takalmi na tsaya shiru kamar yadda Ranau ke yi. Can sai ga kurciyoyi biyu sun wuce ƙasa-ƙasa, sai wasu uku, duk gefe ɗaya. Da yamma kurciya ruwa take nufa. Na dubi ƙasa, ta gangara can ɗin. Na sa adda na fasa gamba kai tsaye, ba hanya ba komai, suka biyo ni.

Muka ɓullo a gindin tsamiya. Tsirara take, ba zare ko ɗaya. Ranau na zaune a kan saiwarta da sanda tsakanin gwiwoyi. Ya tsufa ƙwarai a shekarun nan, idanunsa sun yi fari, sai dai ya ga duhun mutum. Kande na tsaye, tulunta a ƙasa ba ruwa, ga wasu mata uku sun kama baki.

"Iro ne?" in ji Ranau. "Tun ɗazu nake jin usur, gabas, yamma, gabas. Na ce wace akuya ce aka ɗaure a turke aka ba ta usur."

Na durƙusa na ajiye ledojin. "Baba, na zo da laifi."

Kande ta zazzage su a kan falalen dutse ta fara warewa, tana magana kamar da kanta take. "Farin nan na Lami ne, shekara shida ba haihuwa. Baƙin nan na mijin Jummai ne, da ƙafarsa ta ƙi warkewa. Jan nan na Tanko ne." Ta riƙe shi ta daɗe. "Ɗansa da aka tafi da shi daji, har yau ba labari. Duk sati sai ya zo ya duba ko yana nan ɗaure."

Likita ta cire safar hannunta a hankali. "Mama, wallahi shara na ɗauka."

"Shara? 'Yar nan, Lami daga bakin zanen aurenta ta yago wannan."

Alhaji ya ɓoye agogo a bayansa. Na ce, "Baba, bari mu mayar yanzu-yanzu, kowa ya kama." Likita ta matso ta yi mini raɗa, idonta ya kawo ruwa, "Baba Iro, ni Musulma ce, ba zan iya ɗaurawa ba." Ta manta makaho kunne gare shi.

"Wa ya ce ki ɗaura?" in ji Ranau. "Mai buƙata shi ke ɗaura abinsa. Ke kika kwance, ke za ki kai wa kowa nasa har ƙofar gida, ki faɗa masa da bakinki. In ya ga dama ya dawo ya ɗaura. Za ki iya wannan, ko shi ma addini ya hana?"

"Zan iya, Baba."

"To ke ba ki sani ba. Wanda ya sani shi ya yi shiru."

Na ƙara sunkuyar da kai. Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila na samu sassauci, don na ji muryarsa ta fara sanyi. Sai Kande ta ce, "Waɗannan shuɗɗan fa? Ba namu ba ne." Ta ɗaga ɗaya ta duba a hasken rana. "Kai! Wannan ai zanen Talatu ne. Shi ta ɗaura ranar sunan jikanta, na gan shi da idona."

Na buɗe baki zan kawo maganar akuya, Likita ta riga ni, don ita a son ta taimaka take. "Su ba a itacen muka ciro ba, Mama. A hanya suke. Duk inda hanya ta rabu akwai ɗaya."

Ranau ya karkata kai. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, matan suka kama, har Alhaji Bashir da bai gama ganewa ba. Ya share hawaye da bayan hannu, dariyar ta ɗauke kamar an rufe famfo.

"Hanya ta rufe, Malam."

"Baba..."

"Tsamiya ta ga abin da ya fi wannan, za ta sake yin kaya. Amma ni wanda ya san daji na ara wa hanya. Ban ara wa mai bin zanen matarsa ba. Yau da mutanen nan sun kwana a gamba, sunan wa za a kira? In kana so, gorata na nan rataye inda ka san ta."

Kande ce ta fitar da baƙina zuwa bas, da tulu a ka, ni ina can baya da ledar gwangwanaye.

Likita ta cika alkawari. Asabar ta gaba ta dawo ita kaɗai, ba sanduna ba tiyo, Kande ta zaga da ita gida-gida. Lami ta zage ta, daga baya ta ba ta gyaɗa. Tanko ya karɓi jan ƙyallensa ya nufi bakin ruwa. Ta so ta kai Ranau asibiti a duba idon, ya ce abin da zai gani ya riga ya gani. Ni kuwa na ce wa malamin daji ciwon baya ya kama ni, aka mayar da baƙi har rukuni uku. Talatu ta ji labarin a kasuwa, daga bakin Kande. Ba ta yi faɗa ba. Sa ni gaba ta yi har gidan maƙwabta, ta ce in ba mai akuya haƙuri, in kuma ba akuyar. Na ba su.

Sannan na je na sauko da gorar. Da furfurata, da jikoki, na koma bin bayan tsohon da ba ya gani, matan Maguzawa na leƙowa ta kan danga suna guɗa. A hankali yake tafiya, sanda na gaba, ƙafarsa ba takalmi, da tafin ƙafa yake karanta ƙasa. In ya taɓa kututturen da 'yan gawayi suka bari sai ya ce, "Ɗorawar nan ce mai reshe biyu, ka gaishe ta, har yanzu tana wurinta." A tsakiyar gamba sai ya ja ya tsaya. "Ina gida?" In miƙa hannu. Tunda ba ya gani, sai ya laluba ya kama wuyan hannuna ya ji inda ya dosa, ya murɗa shi zuwa daidai kamar mai gyara eriyar rediyo, ya ci gaba da tafiya. Haka muka yi har aka yanke dawa, har aka share layin wuta.

Wata Talata, kusa da kukar nan mai rami da ta ci mutuncina, ya tsaya ya yi tambayarsa. Na miƙa hannu. Ya kama ya riƙe, na jira murɗa, bai murɗa ba. Ya saki. Ya laluba kafaɗata ya zare igiyar gorar ya rataya a tasa, ya zagaya ya koma bayana.

"Wuce gaba, Malam," ya ce. "Azahar ta kusa."

To ku 'yan benci, wanda ke son aikin ya same ni Asabar da sassafe a bakin gandu, har da wanda ya ce akuyar gidansu za ta iya. Gora na nan, zan ba shi ya rataya. In mun shiga inda ciyawa ta rufe mu zan tsaya in yi masa tambaya ɗaya, duk inda ya nuna kuma can za mu.